Sanin dodon koɗi na cikin matakan yaƙi da tsargiya

A ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka da Gummi na jihar Zamfara, yara na wanka a gulbi da kududdufai, masunta da manoman rani kuma na wuni a cikin ruwa. A irin wannan ruwa ne ake kamuwa da cutar tsargiya, wato fitsarin jini.

Cutar ba ta wucewa kai-tsaye daga mutum zuwa mutum. Ƙwayayen tsutsar da ke haddasa ta kan fita a fitsari ko bahaya, su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa, sannan su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851. A 1915 kuma Robert Leiper na Birtaniya ya tabbatar a Masar cewa kowace tsutsa da irin dodon koɗin da take shiga.

Wannan ne ya sa masana ke bin tafkuna suna tantance ire-irensa.

Wanda ake kira Bulinus, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara, ƙarami ne, kuma idan aka riƙe shi tsininsa na sama bakinsa na fuskantar mai dubawa, za a ga bakin a hagu. Shi kuwa Biomphalaria, mai ɗauke da tsargiyar hanji, a kwance yake, a nannaɗe kamar ƙahon rago.

Akan zuba waɗanda aka kamo a ruwa mai tsabta a ƙarƙashin haske, domin a ga ko tsutsotsi za su fito. Da yake wasu sun yi kama da juna, akan yi musu gwajin ƙwayoyin halitta. Daga nan sai a rubuta wuri da lokacin da aka same su.

Rubuta lokacin na da muhimmanci, domin wani nau'in Bulinus kan shige cikin laka idan kududdufi ya ƙafe, ya sake fitowa da damina.

Mazauninsa ma kan sauya. Bayan kammala madatsar ruwa ta Diama a kan kogin Senegal a 1986, Biomphalaria ya yaɗu, aka kuma sami ɓarkewar tsargiyar hanji a garin Richard-Toll.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin cutar, akasarinsu a Afirka.

Maganin praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta na kashe tsutsar, amma ba ya hana sake kamuwa. Shi ya sa ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2022 suka nemi a haɗa da yaƙi da dodon koɗin, abin da ba zai yiwu ba sai an san tafkin da yake.