Kalmomin Safiyo da na Iyakokin Filaye: Nazari daga Kwali

1.0 Gabatarwa

Kwali ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, kuma an kafa ta a 1996. Yanki ne na manoma, inda Gbagyi da Ganagana da Bassa da Fulani da Hausawa ke zaune tare, Hausa kuma na cikin harsunan da suke ciniki da su. Yayin da Abuja ke faɗaɗa ta bin hanyar Lokoja, gonakin wurare irin su Sheda da Yangoji suna komawa fulotai. Cinikin fili da Hausa ake ƙulla shi, amma da Ingilishi ake rubuta takardarsa. Wannan maƙala ta duba kalmomin da ake amfani da su a tsakanin bakin da takardar, domin nuna buƙatar a tsayar wa kowace kalma ma'ana guda a manhaja.

2.0 Kalmomin Iyaka

Iyaka ita ce inda filin wani ya ƙare, na wani ya fara. Sanya ta shi ne shata iyaka, zanen da ya fito kuwa shi ne shaci. A gargajiyance ana gane iyaka da gamba ko bini-da-zugu da aka dasa, ko rafi, ko dutse, sannan dattawa da maƙwabta su zama shaidu. Raunin wannan tsari shi ne itace na mutuwa, rafi na sauya hanya, shaidu kuma na rasuwa.

Safiyo kalmar aro ce da ke nufin aikin awon ƙasa, kuma jama'a kan kira ma'aikacin da ita. Turken safiyo, wanda ake kira bikon, ɗan ginshiƙin siminti ne mai lamba da ake binnewa a kowace kusurwar fili. Taswirar fili ita ke nuna lambobin turakun, da tazarar da ke tsakaninsu a mita, da fuskar da kowane layi ya dosa a digiri, ana lissafawa daga arewa. Don haka ko an tone turke, ana iya mayar da shi gurbinsa. Sai safiyo mai rajista ne ke da ikon sa hannu a irin wannan taswira.

3.0 Kalmomin Awo

Taki da ƙafa na auna tsawo. A farkon mulkin Turawa malaman taki ke auna gonaki a ƙasar Kano domin yanka haraji, alhali takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Girman fili kuwa da murabba'in mita ake lissafa shi:

(a) Fuloti mai ƙafa 50 da 100: kimanin murabba'in mita 465. Fuloti ba ma'auni ba ne tsayayye, domin mai ƙafa 100 da 100 ma fuloti ake ce masa.
(b) Eka: kimanin murabba'in mita 4,047.
(c) Hekta: murabba'in mita 10,000, wato kusan eka biyu da rabi.

Babbar matsala tana ga kalmar kadada. Wasu na nufin eka da ita, wasu kuma hekta. A ɗauka manomi ya amince ya sayar da kadada 2 yana nufin eka, mai saye kuma ya sa aka rubuta hekta 2. Manomin ya yi niyyar rabuwa da murabba'in mita 8,094, amma takarda ta ce 20,000. Bambancin ya haura fuloti 25 masu ƙafa 50 da 100.

4.0 Kalmomin Haƙƙi

Gado da aro da haya da jingina sanannu ne ga ɗalibai. Wadda ke buƙatar bayani ita ce mallaka. Dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, da sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999, sun damƙa dukkan ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya, Ministan Abuja kuma ke bayar da fili a madadinta. Ke nan takardar da jama'a ke kira shaidar mallaka, a haƙiƙa shaidar haƙƙin zama da amfani ce na ƙayyadadden lokaci, yawanci shekara 99 ga filin gida. Takardar ciniki da mai unguwa ya shaida ba ta maye gurbinta, haka ma taswirar safiyo, wadda ke nuna wuri da girma kurum. Hukumar AGIS, da aka kafa a 2003, ita ke adana bayanan filayen Abuja, kuma can ake zuwa bincike kafin a biya kuɗi.

5.0 Shawarwari

Na farko, littattafan makaranta su riƙa amfani da eka da hekta, duk inda kadada ta fito kuma a biyo ta da adadin murabba'in mita. Na biyu, a bambance mallaka da haƙƙin amfani tun daga ƙaramar sakandare. Na uku, malamin Hausa da na lissafi su haɗa darasi: ɗalibai su auna filin wasan makaranta da taki, su sake aunawa da tef, su kwatanta sakamakon. A gidaje da dama ɗan makaranta ne ake miƙa wa takardar fili ya karanta wa mahaifinsa kafin ya dangwala yatsa, saboda haka wajibi ne ya bar aji yana sane da abin da kowace kalma ke nufi.