Hasken da Ke Ratsa Sararin Gobir da Dare

(Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa)

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da 'yan uwanmu na Gatawa, da Sabon Birni, da Isa, da Unguwar Lalle, da Tsamaye, har zuwa tsallaken iyaka, Tsibirin Gobir da Gidan Runji da Maraɗi.

Shirinmu na yau a kan hasken nan ne da kan bayyana a sama cikin dare, wani ja, wani fari, wani a jere, a kwana ana tambayar juna: mene ne wancan? A wasu ƙasashe tambayar ta sha'awa ce. A gabashin Sakkwato kuwa tambaya ce ta rai, domin amsarta ce ke sa magidanci ya koma shimfiɗarsa ko ya tashi iyalinsa su nufi daji.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu fara da abin da ya faru a jihar nan tamu ta Sakkwato. A daren Alhamis, 25 ga Disamba, 2025, mutanen garin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal suka ga sama ta yi jajir, suka ji ƙara mai girgiza ɗakuna. Babu wanda ya san abin da ke faruwa. Mutane suka fito waje a firgice. Sai daga baya labari ya iso: shugaban Amurka, Donald Trump, ya sanar cewa sojojinsa sun kai hari a kan mayaƙa a arewa maso yammacin Nijeriya. Gwamnatin tarayya ta ce da amincewarta aka yi, an nufi dajin Bauni ne a ƙaramar hukumar Tangaza, kuma ɓaraguzan makaman sun faɗa Jabo da kuma garin Offa na jihar Kwara. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a Jabo ba.

Ku lura da wannan, masu sauraro. Hasken Jabo yana da bayani tun kafin ya bayyana. Akwai waɗanda suka san lokacinsa da hanyarsa. Mutanen da abin ya faɗo a gonakinsu su ne suka kwana cikin duhun rashin sani, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai iya cewa tsoron ya yi yawa. Mu tuna masa. Shekara guda cur kafin Jabo, ranar 25 ga Disamba, 2024, harin jirgin soja a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 10. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Gatawa kuma, garin da ɓarayin daji suka sace Sarkin Gobir na garin, Alhaji Isa Muhammad Bawa, suka kashe shi a watan Agustan 2024, ba ya bukatar a koya masa ma'anar fargabar dare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma babu mai ganin laifinsa.

(Kiɗa)

To amma ba kowane haske ne makami ba. Sama tana da nata baƙi tun kafin a ƙera jirgi, kuma ƙasar Hausa ta sha karɓarsu.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa a kusa da Zagami, cikin jihar Katsina ta yanzu, sai ya ji ƙara, wani abu ya nutse cikin ƙasa taku kaɗan daga inda yake. Da aka tono, dutse ne mai nauyin kilo 18. Binciken masana ya tabbatar cewa daga duniyar Mas ya ɓalle, kuma har yau sunan Zagami yana cikin littattafan ilimin sararin samaniya na duniya. A 1971 wani ya faɗo a Kabo ta jihar Kano, a 1984 wani a Gujba ta jihar Yobe ta yanzu. A watan Janairun 2008 ma wani na ƙarfe ya faɗo da dare a gefen birnin Sakkwato, bayan mutane sun ga wuta ta keta sama.

Yadda abin yake shi ne, tsakuwa ko dutse na yawo a sarari, sai ya shigo iskar duniya da gudun kilomita da yawa a daƙiƙa guda. Gogayya da iska ta sa ya yi zafi ya haskaka, a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Mafi yawansu ba su fi ƙwayar hatsi ba, can suke ƙonewa. Manyan ne kaɗai ke isowa ƙasa. Kuma suna da daraja: dutsen Mas da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, mai kilo sama da 24, an yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yulin 2025 a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar.

Sai kuma sababbin baƙi, ƙirar ɗan Adam. Tun 2019 kamfanin SpaceX ke harba taurarin intanet na Starlink da yawa a lokaci guda. A kwanakin farko bayan harbawa sukan bi juna a layi ɗaya, farare, babu ƙara. Duk wanda ya fara ganinsu sai gabansa ya faɗi. Hasken rana ne kawai ke dukan jikinsu, shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko gabanin asuba.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ku matso kusa da rediyo, ga alamomin da za ku iya riƙewa.

In haske ya wulga ya ɓace cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, dutsen sama ne. Yakan yawaita a wajajen 12 ga Agusta da 14 ga Disamba na kowace shekara.

In fari ne, yana tafiya a miƙe ba ya ƙiftawa, ba ya ƙara, ya ratsa sama cikin mintuna kaɗan, tauraron ɗan Adam ne.

In yana ƙifta ja da fari, jirgin sama ne.

In babba ne mai ƙyalli, yana tsaye a yamma bayan faɗuwar rana, Zara ce, wadda kakanninmu ke kira matar wata. Ita ce dai Gamzaki idan ta koma fitowa ta gabas da asuba.

Wanda ke bukatar hattara shi ne haske na ƙasa-ƙasa, mai kewaye wuri ɗaya, da gurnanin inji, ko mai tahowa da fashewa. A nan ga dabara: sauti na cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. Ƙirga daga ganin walƙiyar zuwa jin ƙarar, za ka san ko abin na kusa ne ko na nesa.

Abu mafi muhimmanci, musamman ga iyaye mata da malaman allo: duk ƙarfen da ya faɗo daga sama, kada yaro ya taɓa shi, kada a kai wa 'yan gwangwan. Makamin da bai tashi ba yana iya tashi a hannun mai ɗauka. A nisance shi, a sanar da mai unguwa ko hakimi, su kira jami'an tsaro.

(Kiɗa)

Mun taso muna jin cewa tauraruwa mai wutsiya ganinta ba alheri ba ne. Malamanmu kuwa suna karantar da mu cewa ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar. Annabi ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Darasin a fili yake: a yi addu'a, a nemi sani, a bar camfi. Saboda haka kafin ka tura bidiyon wuta a WhatsApp kana cewa ga abin da ya sauka a gari kaza, tambayi kanka: wa ya ɗauka, yaushe, a ina? Jita-jita ɗaya na iya tayar da ƙauye guda cikin dare, tsofaffi da jarirai su kwana a daji.

Amma nauyi mafi girma yana kan hukuma. Babu mai cewa soja ya bayyana sirrin aikinsa kafin ya yi. Bayan an yi kuwa, talakan da ya ga wutar da idonsa yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshensa, a gidan rediyo, kafin gari ya waye, ba ya tsinci labarin daga shafin wani shugaba na wata nahiya ba. Yankin da aka taɓa katse wa layukan waya a 2021 ya san cewa rediyo da bakin hakimi su ne ke kai saƙo inda intanet ba ta kai. A ba masu unguwanni lambar da za su kira a amsa musu. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da masana na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa sanar da jama'a da Hausa duk lokacin da ake sa ran wani abu zai bayyana a sama. Mutumin da aka yi wa bayani yau, shi ne zai yarda da gargaɗin hukuma gobe.

Masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu. A kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)