Jakar iska ta mota: yaushe take buɗewa, yaushe take ƙi?

Yawancin ƙananan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Gaffati, Mirriya da birnin Damagaram tsoffi ne da aka sayo daga Turai ko Amurka. Da dama cikinsu na da jakar iska a naɗe cikin sitiyari da kuma gaban fasinja. Amma kasancewarta a wurin ba shi ne tabbacin za ta yi aiki ba.

Ga yadda abin yake. Akwai ƙananan na'urori da ke auna yadda gudun mota ke raguwa farat ɗaya. Idan karon ya kai kamar mota ta daki katanga da gudun kilomita 20 zuwa 25 a awa, kwamfutar motar na aika wuta ga wani sinadari. Shi kuwa nan take ya ƙone, ya fitar da iskar nitrojin da ke cika jakar cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa, sannan ta sace ta ƴan ramukan da ke bayanta. Taka birki da ƙarfi ba ya tayar da ita. Haka kuma jakar gaba ba ta cika buɗewa ba idan daga baya aka bugi mota ko ta ƙundumbala.

Jakar na fitowa da gudun da ke iya kai kilomita 300 a awa. Shi ya sa ba ta maye gurbin bel: wanda bai ɗaura ba yana cin karo da ita tun ba ta gama cika ba. Yaron da aka rungume a kujerar gaba kuwa, tana iya zama ajalinsa. Wurin yara shi ne baya.

Tsufa ma matsala ne. An janye jakunkunan kamfanin Takata na Japan kusan miliyan 100 a duniya, saboda zafi da laima na lalata sinadarinsu har su watsa gutsattsarin ƙarfe. Kamfanin ya karye a 2017.

Kafin ku sayi mota, ku kunna makulli ku dubi fitilar jakar a allon gaban direba. Ya kamata ta kama na ƴan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, ko ba ta kama ba sam, sai a kai wa makanike. Ku kuma tambaya ko motar ta taɓa yin hatsari, domin jakar da ta buɗe sau ɗaya ta gama aiki, sai an sa sabuwa.