Ƙyaftawar Hasken Ƙwaya Guda: Aibin da Ya Zama Amfani

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana abin da masana kimiyyar sinadarai suka ƙaru da shi tun da suka fara auna hasken ƙwayar sinadari guda ɗaya tak.

A da, in an haska sinadari don a ga hasken da yake mayarwa, abin da na'ura ke nunawa matsakaici ne na miliyoyin ƙwayoyi. Misalinsa kamar mai jin hayaniyar kasuwa daga nesa ne, ba ya rarrabe muryar kowa. A 1989 ne W. E. Moerner da Lothar Kador suka fara gano alamar ƙwaya guda a Amurka, cikin daskararren sinadari da aka sanyaya matuƙa.

Bayan haka sai aka juya ga ɗigon kwantam, wato ɗan mitsitsin lu'ulu'u mai faɗin nanomita 2 zuwa 10. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita. Girman ɗigon ne ke yanke launin haskensa: ƙarami ya karkata ga shuɗi, babba ga ja. A 1996 aka lura cewa ɗigo guda yana kamawa yana ɗaukewa, ko da ba a daina haska shi ba. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, ƙwayar lantarki kan kuɓuce daga ɗigon na ɗan lokaci, sai ƙarfin da ya sha ya koma zafi maimakon haske. Cikin tari ba a ganin haka, domin in wani ya ɗauke, wani na haskawa. A 1997 aka ga irin wannan ƙyaftawa a wani furotin mai haske.

Da farko aibi aka ɗauke ta. Amma tun 1873 Ernst Abbe ya nuna iyakar madubin ƙara girma mai aiki da haske, wadda ta kama kimanin nanomita 200; abubuwan da suka fi haka kusa da juna sai su haɗe a ido. To, in ƙwayoyi suna haskawa bi da bi, ana iya auna mazaunin kowace, sannan a harhaɗa hoto guda. Eric Betzig da abokan aikinsa sun tabbatar da wannan a 2006, cikin ƙwayoyin halitta. A 2014 aka ba Betzig da Moerner da Stefan Hell lambar Nobel.

Bisa ga haka, wajibi ne malami ya nuna wa ɗalibi cewa matsakaicin awo yakan ɓoye halin ɗaiɗaiku.