Gwanjon Da Ake Kammalawa Kafin Ƙiftawar Ido

Ɗalibi a Gummi ya buɗe wata manhaja a wayarsa domin bitar tambayoyin jarrabawar JAMB. Kafin tambaya ta farko ta fito, sai ga tallar takalma a saman allo. Wa ya aiko da ita, kuma me ya sa shi aka nuna wa?

Mai manhajar bai zaɓi wannan talla ba, watakila ma bai taɓa ganinta ba. Abin da ya yi kawai shi ne barin fili a shafinsa, tare da sanya 'yan layukan umarni daga kamfanin dillancin talla, kamar tsarin AdSense da Google ya fito da shi a 2003. A farkon al'amari ba haka ake yi ba. A watan Oktoba na 1994, lokacin da kamfanin AT&T ya sa tallarsa a shafin HotWired na Amurka, kowa hoto ɗaya yake gani, tamkar allon talla a bakin titi.

Yau gwanjo ake yi. Da zarar shafi ya fara buɗewa, wayar takan aika wa dillali saƙo ɗauke da irin wayar, da harshenta, da yankin da ake zaton tana ciki, da kuma wata lamba da ke bambanta ta da sauran wayoyi. Dillali sai ya yi shela ga kwamfutocin masu talla, kowace ta yi tayi gwargwadon darajar da ta ga mai wayar yana da ita. Wadda ta fi tayi ita ke samun filin. Duk wannan ciniki yakan ƙare cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, alhali ƙiftawar ido kan ɗauki kashi ɗaya zuwa huɗu. Wato an taya, an sallama, fatar ido ba ta gama sauka ba. Abin sayarwar kuwa shi ne hankalin ɗalibin.

A matsayina na malamin ilmin halittu, wannan dangantaka takan tuna mini da carki da saniya. Carki yana cire wa saniya kaska, amma idan ya sami miki sai ya tsaya yana shan jini. Kuɗin talla ne ke sa manhajar ta zama kyauta, wannan gaskiya ne. Sai dai hotuna da bidiyon tallar daga datar ɗalibin ake sauke su, suna kuma cin batir, abin da ba ƙarami ba ne a garin da sau da yawa sai an biya mai shago ake cajin waya. Mafi muni, dillali ba ya iya tantance kowace talla. Shi ya sa ake ganin masu alkawarin bashi nan take, ko maganin da wai yana warkar da kowace cuta.

Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, ta 2023, ta ba mutum ikon ƙin yarda a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. A wayoyin Android kuma akwai wurin goge lambar talla a sashen saituna. Tallar ba za ta daina zuwa ba, amma masu tayi za su rage sanin wanda suke tayawa.