Mambila: Hutun Iyali a Ƙasar Shayi da Sanyi

Da zarar makarantu sun ba da hutu, iyalai masu hali a Kano da Kaduna da Abuja sai su shiga lissafin tikitin Dubai ko Masar. Waɗanda aljihunsu bai kai ba kuwa, sai a bar yara da waya da talabijin har a koma aji. Ba kasafai ake tunawa da cewa akwai titin da ya tashi daga Jalingo ya bi ta Bali da Serti, ya hau tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba ba. A ganina babu wani wuri a Arewa da yaro zai ƙaru da ilimi cikin mako guda kamar can, muddin iyayensa sun yarda su sauka daga mota su zauna da mutane, ba su tsaya ga ɗaukar hoto a bakin titi kaɗai ba.

Hawan yana farawa ne daga Mayo Selbe. Daga nan titi ke nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, har da wadda direbobi ke kira Biyu da Sisi, kafin a ɓulla Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu, hedikwatar yankin. Tafiya ce ta yini guda daga Jalingo, kuma titin ya lalace a wurare da dama, don haka mai ɗauke da ƙananan yara gara ya yada zango a Serti, ya hau da safe da direban da ya san hanyar. Kada a cika wa yara ciki kafin hawa, domin kwane-kwanen suna tayar da zuciya.

Abin da zai fara ba yaron birni mamaki shi ne sanyi. A ƙasa ya bar zufa, a sama yana neman rigar sanyi. Dalili kuwa mai sauƙi ne: duk hawan mita 1,000, zafin iska kan ragu da wajen digiri 6 da rabi, saboda iska tana buɗewa ta huce yayin da nauyin da ke danne ta ya ragu. Tudun Mambila yana da tsayin wajen mita 1,600 daga doron teku, shi ya sa da rana ba a cika haura digiri 25 ba. Wannan raguwar nauyin iska har tukunya take shafa. Ruwa kan tafasa a wajen digiri 95 a can, ba 100 ba, don haka wake kan ɗan jima a wuta fiye da yadda uwargida ta saba a gida. Darasin kimiyyar da aka yi ta fama da yaro a kansa a aji, ga shi nan a murhu.

Sanyin nan da yawan ruwan sama su ne tushen kusan duk abin da ake ci a tsaunin. Ƙudan tsando, mai sa wa dabbobi sammore, ba ya jin daɗin wannan tsayi, saboda haka shanun Fulani suka yi yawa suka yi kyau a kan ciyawar tuddan. Kindirmo da man shanu da ake kawowa kasuwa daga ruga suke, na jiya ko na yau. Ga masara, ga gwaza, ga dankalin turawa, ga ayaba da fiya, ga zuma, ga kofi a wasu gonaki. Tuwon masara da miyar ganyen kumbi shi ne abincin gida, kuma wanda ya je Gembu ya tsaya kan shinkafa da miyar otal ya cuci kansa. Yara sukan yi tsaki ga miyar ganye a gida, amma bayan yawon awa biyu a iska mai sanyi, ba a roƙonsu su ci. Abu guda da ba a wasa da shi: madarar da za a ba ƙaramin yaro a tabbata an tafasa ta, ruwan sha kuma haka.

Kakara ita ce wurin da ya fi cancanta a ba shi yini sukutum. A can gonar shayin da ke fitar da Highland Tea take, layi-layi kore shar har inda ido ya tsaya. Yawancin yaranmu sun tashi suna ganin mai shayi a bakin layi, ba su taɓa sanin cewa ganyen daga wata 'yar bishiya yake ba, wadda ake datse ta daidai ƙugu don hannu ya kai. Masu tsinka suna cire toho ne da ganye biyu na sama kawai. A masana'anta a shanya shi ya yi yaushi, a murƙushe shi, a bar shi ya sha iska har launinsa ya koma ja-ja-ja mai duhu, sannan a busar da shi da zafi. Shan iskar nan ne ke bambanta baƙin shayi da kore, alhali bishiyar ɗaya ce. Yana da kyau a nemi izini kafin shiga, kuma a bar yara su gaisa da masu tsinka, su ga nauyin kwandon da ke bayansu. Wanda ya ga wannan aiki da idonsa zai daina zubar da ragowar shayi a kofi.

Ga masu son daji, akwai kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga cikin ragowar dazuzzukan tsauni da suka tsira a Najeriya, inda masu bincike daga jami'o'i ke nazarin itatuwa da tsuntsaye da birin nan mai kama da mutum, cimfanzi. Tafiyar ƙafa zuwa bakin kurmin ba ta fi ƙarfin yaro ɗan shekara goma ba. A gangare kuma ga Gandun Dajin Gashaka Gumti, mafi girma a ƙasar, wanda aka kafa a 1991, mai dorina da ɓauna da birai iri-iri. A cikinsa Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, mita 2,419. Hawanta tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da jami'an gandu, ba aikin yara ba ne. A bar wa samarin gida, ƙananan su tsaya ga kogi da kallon birai.

Mutanen tsaunin ma abin sani ne. Akwai Mambila, da Kaka, da Panso, da Kambu, da Fulani, da Hausawa 'yan kasuwa, kuma Fulatanci da Hausa ke haɗa su a ciniki. Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus, daga baya Ingila ta riƙe shi amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 Arewacin Kamaru ya zaɓi shiga Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Shi ya sa za a ji ɗanɗanon Kamaru a girki da kiɗa da magana. Baƙo mai ladabi kan fara da gaida jauro ko arɗo kafin ya kutsa ƙauye ko ruga, ba ya ɗaga waya a fuskar mace ko dattijo sai ya tambaya.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya ya yi ta'adi a tsaunin a 2017, kuma tushensa, wato ƙarancin ƙasar noma da kiwo, bai gushe ba. Yawan kiwo ya zaizaye wasu tuddai, itatuwan turare da aka dasa don katako da makamashi kuma sun mamaye wuraren da a da ciyawa ce da kurmi. Shekaru da dama ana maganar madatsar wutar lantarki ta Mambila, wadda aka taɓa tsara ta mai megawat 3,050, amma titin da tuni yake ɗauko shayi da shanu da dankali zuwa kasuwannin ƙasa ya fi buƙatar gyaran gaggawa. Mai niyyar zuwa ya tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin ya tashi, ya guji tafiyar dare, ya zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hanyoyin ƙauye suka bushe.

Kuɗin da zai kashe kuma ya duba inda suke sauka. Ɗan rakiya daga ƙauyen da za a ziyarta ya fi sanin hanya, ya fi buƙatar ladan. Zuma da fiya da man shanu a saye su hannun masu su a ranar kasuwa, ba tare da an matse su a ciniki ba, a ba yara kuɗin su miƙa da kansu su ƙirga canji.