Dalilin Kukan 'Yan Kallo a Spider-Man: No Way Home

Wanda bai kalla ba ya dakata nan, don zan fasa ƙwai!

Tun fitowar fim ɗin a Disamban nan na 2021 ake ta yaɗa bidiyon 'yan kallo suna ihu da bayyanar Tobey Maguire da Andrew Garfield. Amma ni a ganina, inda aka fi zubar da hawaye shi ne faɗowar MJ, Garfield ya cafe ta. Me ya sa? A fim ɗinsa na 2014, haka budurwarsa Gwen Stacy ta faɗo, bai iya cetonta ba, ta mutu. Shekara bakwai masoyansa na fama da wannan ciwon. Ku nemi The Amazing Spider-Man 2, sannan ku sake kallon wurin, za ku gane.